SHAWARAR WATA: Kafin ka sayi allon kwamfuta, auna wutarka

  

Gero ya shiga rumbu. An sayar da riɗi da wake da gujiya. Kuɗi sun shigo hannu.  A irin wannan lokaci ne ake sayen kayan zamani. A Dungas, da Malawa, da Guci, da Dogo-Dogo, har zuwa Magariya, an fara ganin wani kaya sabo a cikin shaguna da zaure: kwamfuta, da na'urar wasan yara, da allon da ake kallonsu a ciki.

Wani yana son allo don ya buɗe shagon buga takardu. Wani don ya buɗe ɗakin wasan ƙwallo na samari, a biya shi. Magatakardan ƙungiyar manoma yana so don lissafin taki da iri. Ɗan makaranta yana so don karatu. Duka waɗannan buƙatu ne na gaskiya. Amma kuɗin allo kuɗin akuya ne, wani lokaci har kuɗin rago. Wanda ya saya bai sani ba, ya zubar da gumin daminarsa. Don haka a wannan wata za mu yi magana a kan yadda ake zaɓen allo mai sauƙin kuɗi.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasarmu

Tun shekara ta 1964 aka fara koyar da yara ta talabijin a wasu makarantu na Nijar. A 1965 aka kafa ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana. Malam Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya daɗe yana shugabancinta. Daga 1968 aka soma kunna talabijin na makaranta da hasken rana a ƙauyen da babu waya, babu inji. Bayan haka aka kai talabijin na jama'a garuruwa da yawa. Manyanmu suna tune da dandalin da ake taruwa da dare a kalli Tele Sahel.

Masu wancan aiki sun san abu guda. Ba su fara da girman akwati ba. Sun fara da tambaya: wuta nawa muke da ita? Daga nan suka nemi akwatin da wutar za ta iya ɗauka. Wannan darasi yana nan har yau.

Allon kwamfuta daban, talabijin daban

Da ido sun yi kama. Amma ba ɗaya ba ne.

Talabijin yana kama tasha da kansa. Yana da lasifika a cikinsa. An yi shi don a kalle shi daga nesa, mutane da yawa.

Allon kwamfuta, wanda ƴan kasuwa suke kira monita ko ekaran, ba ya kama tasha. Sai an haɗa shi da kwamfuta, ko na'urar wasa, ko dikoda. Da yawa daga cikinsu ba su da lasifika. An yi shi don mutum ya zauna kusa, ya karanta rubutu ƙanana, ido bai gaji ba. Kuma yawanci ya fi talabijin ƙarancin cin wuta, saboda ya fi shi ƙanƙanta.

To, ka tambayi kanka tun a gida. In aikinka rubutu ne da lissafi, da wasa na mutum ɗaya ko biyu, allon kwamfuta ya fi maka. In kana son mutum talatin su zauna su kalli kokowa ko ƙwallo, talabijin ya fi maka. Kada ka je kasuwa ba ka yanke wannan shawara ba. In ka je haka, mai kaya ne zai yanke maka, kuma abin da ya daɗe a shagonsa zai ba ka.

Lissafin wuta

Wannan shi ne babban abu. Ku karanta shi sau biyu.

A cikin gari akwai wutar NIGELEC, amma tana zuwa tana ɗaukewa. A ƙauye kuwa yawancinmu da farantin sola da batir muke aiki. Batir kamar rumbu yake. Farantin sola shi ne gona: da rana yana zuba hatsi a rumbu. Kowace na'ura baki ce mai ci. Yawan abin da take ci a awa guda ana kiransa wat. Ana rubuta shi da harafin W a wata ƴar takarda da ke manne a bayan na'urar.

Ga misali. Batir mai bolt 12, wanda aka rubuta 100 Ah a jikinsa, yana ɗauke da awo 1200. Yadda aka samu: 12 sau 100. Amma batir irin na ruwa ba a kwashe shi tas. In ana kwashe shi kullum, ba zai yi rai mai tsawo ba. Rabi kawai ake ci, wato awo 600. Sauran rabin kamar iri ne, ba a taɓa shi.

Allo na zamani mai inci 22 ko 24 yana cin wajen wat 20 zuwa 25. In ya yi awa 6 yana aiki, ya ci awo 150. Kwamfutar hannu tana cin wajen wat 40. A awa 6 ta ci 240. Haɗa su: 390. Batir ya ɗauka, har da sauran na fitila da cajin salula.

Yanzu ka sa babban talabijin mai inci 43 a madadin allon. Yana iya cin wat 70. A awa 6 ya ci 420 shi kaɗai. Ka ƙara na'urar wasa irin PlayStation 4, wadda take cin wat 100 ko fiye. A awa 6 ta ci 600. Jimla ta wuce 1000. Batir guda ba zai kai ba. Kafin lisha wuta ta mutu, samari sun watse, kuɗi ba su shigo ba. In aka matsa wa batir, cikin ƴan watanni sai a sayi wani.

Ku tuna kuma da gona. Farantin sola mai wat 100, in yana da tsabta kuma rana ta fito sosai, yana zuba awo 400 zuwa 500 a yini. Ranar hazo ko hadari bai kai haka ba. Wanda yake cin fiye da abin da gonarsa take bayarwa, rumbunsa zai ƙare.

Akwai kuma inbata, na'urar da take juya wutar batir ta koma irin ta gari. Ita ma tana cin nata rabo, wajen kashi ɗaya cikin goma ko fiye. Wasu alluna suna zuwa da caja a waje, kamar ta kwamfutar hannu. In an rubuta 12V a jikin cajar, mai gyaran sola da ya san aikinsa yana iya haɗa allon da batir ba tare da inbata ba, ya sa masa abin daidaita wuta. In an rubuta 19V, ba a haɗa shi kai tsaye. Kada ka yi wannan aiki da kanka. Waya ɗaya in ta juya, allo ya ƙone.

Tsofaffin akwatuna masu ƙusumbi a baya kuwa, ko kyauta aka ba ka, ka yi tunani. Suna cin wat 70 zuwa 100. Nemi wanda aka rubuta LED.

Girman allo

Ana auna allo da inci. Masu Faransanci suna cewa pus. Inci ɗaya santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Ba a auna shi daga gefe zuwa gefe. Daga kusurwar sama ake ja zuwa kusurwar ƙasa ta ɗaya gefen.

Allo mai inci 24, faɗinsa santimita 53 ne, tsayinsa 30, wato tsawon rular ɗan makaranta. Mai inci 22 ya ɗan gaza haka. Irin waɗannan ake kira allo mai faɗi. Awonsu 16 a kwance, 9 a tsaye. Fina-finai da wasanni na yanzu da wannan awo ake yin su. Tsohon allo mai kusan kusurwa huɗu daidai yana da araha, kuma yana aikin rubutu. Amma in aka sa masa wasa ko ƙwallo, sai hoto ya matse, ko baƙi ya cinye sama da ƙasa.

Ga mai zama a gaban tebur, inci 22 zuwa 24 ya isa. Wanda ya fi haka, kuɗi ne da wuta suke ƙaruwa.

Ka tafi kasuwa da zaren awo ko ƴar mita ta tela. Abin da aka rubuta a kwali wani lokaci ya fi abin da ke ciki. Gani ya kori ji.

Ɗigon hoto

Hoton allo ɗigo-ɗigo ne ƙanana, jere kamar saƙar zane. Zane mai zare da yawa ya fi laushi da kyau. Haka allo mai ɗigo da yawa ya fi fitar da rubutu.

Za ka ga lamba biyu a kwali ko a bayan allo. In an rubuta 1920 x 1080, ɗigo ya haura miliyan 2. Wannan shi ake kira Full HD. In an rubuta 1366 x 768, ɗigo miliyan 1 ne da kaɗan, wato rabin na farko. Ga allo mai inci 22 ko 24, nemi 1920 x 1080. Kalmar HD ita kaɗai ba ta isa shaida ba. Lambar za ka duba.

Akwai wata lamba da ake rubutawa da Hz. Ita ce sau nawa hoto yake sabuntawa a daƙiƙa guda. Yawancin alluna 60 ne ko 75. Akwai masu 144, suna da tsada. Mai kaya zai ce maka su ne na wasa. Gaskiya ne, amma sai da kwamfuta mai ƙarfi ƙwarai. PlayStation 3 da PlayStation 4 ba sa wuce 60. Wanda ya sayi mai 144 don su, ya sayi sirdin sarki ya ɗora wa jaki. Bar kuɗin, ka ƙara a batir.

A duba ta gefe, a duba ta ƙasa

Gilashin allo iri-iri ne. Akwai wanda ake kira TN. Shi ne mafi araha. In kana gabansa daidai, hoto lafiya. In ka koma gefe, launi ya canza. In ka dube shi daga ƙasa, sai ya yi duhu. Akwai wanda ake kira IPS. Shi ta ko'ina ka duba, hoto yana nan yadda yake. Akwai VA, yana tsakaninsu.

Wannan magana ta shafe mu. A wurinmu allo yana kan tebur, yara suna kan tabarma. Daga ƙasa suke kallo. Don haka ko ba ka riƙe waɗannan haruffa ba, ga gwaji mai sauƙi. Sa a kunna. Matsa dama, matsa hagu. Sannan ka tsuguna ka ɗaga kai. In fuskokin mutane sun yi baƙi, wannan allo na mutum ɗaya ne, ba na taro ba.

Ƙofofin baya

Juya allon ka dubi ramukan da ake sa waya. Nan ne mutane da yawa suke yin asara.

HDMI rami ne siriri mai ɗan faɗi. Yana ɗaukar hoto da murya tare. Dikoda ta yanzu, da kwamfutar hannu, da PlayStation 3 da 4, duk da shi suke aiki. Kada ka sayi allon da ba shi da HDMI, sai in ka tabbata tsohuwar kwamfuta kaɗai za ka haɗa.

VGA rami ne shuɗi mai ƙananan huji 15. Na tsofaffin kwamfutoci ne. Hoto kawai yake ɗauka, babu murya.

PlayStation 2, wadda har yanzu tana da yawa a ɗakunan wasa, ba ta da HDMI. Wayarta mai kai uku ce: rawaya, fari, ja. Allon kwamfuta ba shi da waɗannan ramuka. Sai an sayi wata ƴar na'ura ta tsakani, ko a yi amfani da talabijin.

Dubi kuma ko akwai ɗan ramin da ake sa abin sauraro na kunne. Ta nan za ka fitar da murya zuwa rediyo ko lasifika. In babu shi, kuma allon ba shi da lasifika, wasan zai zama na kurame.

Wasu suna zaton kowace salula tana haɗuwa da allo ta waya. Ba haka ba ne. Yawancin salula masu araha ba sa yi. In don salula kake saye, a gwada da taka a gabanka.

Dabara mafi kyau ita ce ka ɗauki na'urarka ka tafi da ita kasuwa. A haɗa, a kunna, ka gani.

Sabo ko na hannu?

Ana samun allo a Damagaram, a kasuwar Dole da shagunan cikin gari. Ana samu a Magariya. Masu tsallaka iyaka ta Maigatari ko Babura suna kawowa daga Kano. Akwai sababbi a kwali. Akwai na hannu, waɗanda aka yi aiki da su a ofisoshin Turai da Amurka.

Na hannu ba laifi ba ne. Allon ofis mai sunan da aka sani, kamar Dell, HP, Samsung ko LG, sau da yawa ya fi sabon da ba a san mai yin sa ba ƙarko. Amma sai an gwada. Ga yadda ake yi.

Na ɗaya: a sa fari tas ya cika allon. Dubi ko akwai ɗigo baƙi, ko tabo, ko wuri mai rawaya.

Na biyu: a sa baƙi tas. Dubi ko akwai ɗigo mai haske da ba ya mutuwa, ko haske mai yawa yana fitowa ta gefe.

Na uku: dubi ko akwai layi a tsaye ko a kwance. Layi ba ya warkewa. Ƙaruwa yake yi.

Na huɗu: a bar shi a kunne minti 20 ko 30. Wani ciwo ba ya fitowa sai allo ya yi zafi. In yana ƙiftawa, ko yana mutuwa yana dawowa, bar shi.

Na biyar: gwada kowane rami da kowane maɓalli. Girgiza ƙafarsa ka ji ko ta karye.

Na shida: karanta takardar baya. Wutar ƙasarmu bolt 220 ce. Nemi inda aka rubuta 100-240V. Wasu kayan Amurka 110 ko 120 kaɗai suke ɗauka. Da an sa su a wutarmu, sun ƙone.

Kan waya ma a duba. Na Najeriya ƙafa uku ne masu faɗi. Namu ƙafa biyu ne zagayayyu. Wannan ƙaramin abu ne, ana canza wayar ko a sa mahaɗi. Amma kada a cusa waya tsirara a soket.

In mai kaya ya ce babu wuta a shagonsa, sai ka je gida ka gwada, kada ka yarda. Wannan cinikin biri a sama ne. A nemi maƙwabci mai inji ko batir.

Wajen biya

Kada ka saya a shagon farko. Zaga uku ko huɗu. In da naira za ka biya, tambayi canjin ranar wurin mutum biyu, domin yana hawa yana sauka.

Ka lissafa kuɗin duka: allo, waya, lasifika in babu, kuɗin mota, da na duwan in daga ƙetare ne. Wani allo mai araha, in aka haɗa waɗannan, ya fi mai tsada tsada. Araha ba ta ado.

Ka karɓi takardar ciniki. A rubuta sunan allon, da lambarsa ta baya, da kuɗin, da ranar, da kwana nawa aka ba ka na mayarwa in ya ƙi aiki. Yanzu kun iya karatu. Karanta da kanka kafin ka miƙa kuɗi. Amfanin yaƙi da jahilci ke nan.

Kai shi gida, da kiwonsa

Hanyoyinmu rairayi ne da gargada. Allo a tsaye ake ɗaukarsa, ba a kwance ba. Naɗe shi da bargo, ka sa kwali a fuskarsa. A kan babur, a riƙe shi a hannu. Kada igiya ta bi ta kan gilashin. Kada a ɗora masa buhu a mota. Gilashin allo in ya tsage, gyaransa ya kusa kuɗin sabo.

A gida, abokan gabansa huɗu ne: ƙura, zafi, ruwa, da tsawa.

Lokacin hunturu a rufe shi da zane in an kashe. In yana aiki a buɗe, ramukan bayansa su sha iska. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce awo 40. Kada a ajiye shi inda rana take bugu, ko dab da rufin kwano. Da damina a duba inda ɗaki yake yoyo. In hadari ya taso da walƙiya, a cire wayoyi duka, har da ta eriya. In da inji kake aiki, bari injin ya daidaita kafin ka kunna, kuma ka kashe allo kafin ka kashe inji.

Ana share gilashi da ƙyalle mai laushi, busasshe ko mai ɗan danshi. Ba a zuba masa ruwa, ba a sa omo ko kananzir. Ba a danna shi da yatsa.

Rage hasken allon daga maɓallansa. A cikin ɗaki rabin haske ya isa. Wuta za ta ragu, ido zai huta.

Ido da yara

Mai aiki da allo ya zauna nesa da shi kamar tsawon hannu. Bayan kowane minti 20 ya ɗaga kai ya dubi nesa. Mai ɗakin wasa kuma ya san yaran nan amana ne. Kada ya karɓi ɗan makaranta lokacin karatu. Kada ya karɓi yaron da aka aika kiwo ko ɗiban ruwa. Ya sa lokacin rufewa. Ɗakin da iyaye suka yarda da shi shi ne yake daɗewa.

Mu riƙe waɗannan

San aikin da za ka yi kafin ka fita gida. Lissafa wutarka kafin ka zaɓi girma. Inci 22 zuwa 24, mai LED, mai 1920 x 1080, mai HDMI, ya ishi yawancinmu. A kunna a gabanka. A ba ka takarda.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa na kusa da shi a dandali ko a ajin manya. Mai tambaya ya rubuto ta hannun malamin ajinsu, za mu amsa a wannan fili.

Allah ya sa albarka a abin da muka noma. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.